Wanda aka fara gaya wa

Misali ne za a kawo, amma duk wanda ya zauna ƙauye ya san irinsa. Yarinya mai shekara 14 ta tafi daji yin itace ran Talata da la'asar. Ta komo bayan magariba, babu itace, zane ya yage, ba ta cewa komi. Uwarta ta dube ta sau ɗaya ta gane. Ta ja ta ɗaki, ta aika a kirawo gwaggon yarinyar. Gwaggo ta ce a yi shiru, a dafa ruwa da bagaruwa a gasa mata jiki, a wanke zanen tun kishiyoyi ba su gani ba. Aka yi haka.

Ran Laraba uban ya ji. Ya ɗauki adda, ƴan'uwa suka riƙe shi. Ran Alhamis dangin wanda ya yi ɓarnar suka zo ban haƙuri da goro. Ran Jumma'a bayan an sauko masallaci dattawa suka zauna zauren maigari, aka yanka kuɗi, aka shafa fatiha, aka ce magana ta mutu. Ba wanda ya tambayi yarinyar. Sai ran Lahadi, da zazzaɓi ya rufe ta, aka aza ta bisa amalanke zuwa likita.

Ungozomar likita ta tambayi ranar da abin ya faru, ta ƙirga da yatsu, ta girgiza kai. Akwai magani na hana ƙwayar sida kama jiki bayan fyaɗe. Ana shan shi kwana 28 a jere, amma sai an fara shi cikin awa 72, wato kwana uku, kuma gara a fara shi tun ranar farko. Awa 72 ɗin yarinyar ta cika ran Jumma'a da la'asar. Lokacin da ake shafa fatiha a zaure, saura kamar awa uku suka rage mata. Akwai kuma maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa, shi iyakarsa awa 120, kwana biyar, kuma ƙarfinsa yana raguwa kullum aka ƙara kwana. Wannan kam an same shi da ƙyar.

To, a duba labarin da kyau. In aka fid da wanda ya yi laifin, babu mugu ko ɗaya a ciki. Uwa tana son ɗiyarta. Gwaggo rufin asiri take nema. Maigari gudun zub da jini yake yi, kuma ya hana. Kowa ya yi abin da ya sani. Abin da ba su sani ba shi ne ya cuci yarinyar karo na biyu. Dalilin da ya sa ke nan ake maganar horar da masu taimakon waɗanda aka ci zarafinsu.

Kalmar horo tana da fuska biyu a Hausa. Akwai horon da ake yi wa mai laifi, akwai horon da ake ba mai koyon aiki. Mutane sun fi saurin neman na farko, a kama shi, a ɗaure shi. Wannan yana da wurinsa. Amma kafin a kai ga alƙali, akwai mutum guda da aka fara buɗe wa baki. Ko uwa ce, ko ungozomar ƙauye, ko malamar lakwal, ko mai koyar da karatun manya, ko matar liman, ko jandarman da ke tsaron ƙofa. Abin da wannan mutum ya faɗa, da abin da ya yi cikin yini na farko, shi ke nuna inda maganar za ta nufa.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Nijar. Tun cikin shekarun 1960 aka fara, a jihar Maraɗi, zaɓen mutane daga cikin ƙauye ana kai su likita suna yin ƴan kwanaki suna koyo. Maza su komo da akwatin magani mai nibakin da asfirin da jan maganin rauni. Tsofaffin ungozomomi su komo sun koyi wanke hannu da sabulu, da yanke cibi da tsabtataccen ƙarfe, da gane naƙudar da ta fi ƙarfinsu. Ba a mai da su dokta ba. An koya musu abu kaɗan da za su yi, da abin da ba za su taɓa ba, da lokacin da za su ce a ɗauki mace a tafi. Horon da ake magana yau irin wancan ne, sai dai raunin da ake dubawa wani yana jiki, wani yana zuciya.

ABIN DA AKE KOYO

Darasin farko shi ne saurare, kuma shi ya fi wuya. Mai jin haka zai yi dariya ya ce wa bai iya saurare ba? Sai an gwada. A wurin horo akan sa mutum biyu su zauna, ɗaya ta zama wadda aka zalunta, ɗaya ta zama mai tarbonta. Ba a minti biyu mai tarbo ta katse ta: "Ke ma mi ya kai ki daji ke kaɗai?" Ko kuma: "Don mi ba ki yi kururuwa ba?" Ba da mugunta take tambaya ba, bakinta ne ya saba. Amma wadda ta zo da kuka, abin da kunnenta ya ji shi ne laifinta ne. Daga nan ta kulle baki, kuma mai yiwuwa ba ta ƙara buɗe shi har abada.

Sai a sake wasan. A nemi wuri inda ba mai leƙe, ba ƙarƙashin rumfar likita ba inda mata talatin ke jiran awon ciki. A ba ta ruwa. A zauna daidai da ita, kada a tsaya mata bisa kai. Tsohuwa ta ce: "Ɗiyata, na ji ki, na kuma yarda da maganarki. Abin da aka yi miki ba laifinki ba ne. Faɗi abin da kike iya faɗi, sauran ki bar shi." In ta yi shiru, a bar ta da shirunta. Ana koya wa masu horo cewa tsoro yakan daskarar da mutum, ya kasa gudu, ya kasa ihu, kuma yakan rikita tunani har labari ya fito gaba a baya. Wanda bai san haka ba sai ya ce ƙarya take yi.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fid da wani ɗan littafi a 2014 domin ma'aikatan likita da ke tarbon matan da aka doka ko aka yi wa fyaɗe. Taimakon farko da ke ciki bai wuce abu biyar ba: a saurare ta, a tambayi abin da take bukata da abin da ke damunta, a nuna mata an gaskata ta, a duba yadda za ta tsira daga wata cutarwa, a haɗa ta da inda za ta samu taimako. Babu allura a cikin biyar ɗin nan, babu na'ura. Wanda bai taɓa shiga lakwal ba yana iya koyonsu da Hausa ko Zabarmanci a kwana kaɗan.

Na biyu, amana. A ƙauye magana ba ta da ƙafa amma tana riga mai doki zuwa kasuwa. Ma'aikaciya ta koma gida ta gaya wa mijinta, ta ce kada ya gaya wa kowa. Shi ya gaya wa abokinsa a majalisar shayi. Kafin kwana uku ana nuna yarinya da baki a rijiya, wanda ya kawo kuɗin neman aurenta ya aiko a mai da masa. Saboda haka ake koyar da cewa ba a gaya wa kowa sai da yardarta, kuma wanda za a gaya wa, iyakar abin da aikinsa ke bukata za a faɗa masa. Takardar da aka rubuta a kulle ta cikin akwati. A wasu wuraren ma ba a rubuta suna, lamba ake sawa. Wanda aka sani da sakin baki, ko ɗan'uwan maigari ne, bai kamata a tura shi wannan horo ba.

Amma amana tana da iyaka, kuma ana faɗin iyakar tun farko don kada a ce an ci amana daga baya. In ƙaramin yaro ne ko yarinya, ko kuwa ana tsoron za a rasa rai, to mai taimako ba ya riƙe maganar shi kaɗai. Nan ne horo ke da amfani ƙwarai, don sau da yawa mai cutar da yaro ba baƙo ba ne. Yana cikin gida, ko maƙwabci ne, ko wanda aka ba amanar karatunsa. Kai ƙara wurin uban gida ba tare da an bincika ba yana iya zama kai kaza gidan muzuru. Kuma a tuna, yara maza ma ana yi musu, har da almajirai, kuma su sun fi mata jin nauyin faɗi.

Na uku shi ne agogo, wanda aka riga aka bayyana: awa 72 da awa 120. Ban da su, a likita akwai maganin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, da allurar hana sandarewar jiki in akwai rauni, da rigakafin ciwon hanta. Ko an wuce kwana biyar, ko an yi wata guda, a je dai, don akwai sauran abin yi. Tufafin da ke jikinta kada a wanke, a shanya su a inuwa su bushe, a naɗe cikin takarda, ba cikin leda ba, don leda tana sa su ruɓe. In ta riga ta yi wanka, kada a yi mata faɗa, kada kuma wannan ya hana tafiya. Magani shi ne gaba. Takardar shaidar likita, wadda alƙali zai nema, a tambaye ta tun ranar, don rauni yana warkewa, shaida ta tafi da shi.

DUKAN CIKIN GIDA

Nan magana ta fi tsauri, don mutane da yawa ba su ɗauke shi komi ba. Mace ta yi yaji da kumburarren ido, ubanta ya ce ta koma, aure haƙuri ne. Haƙuri kam gaskiya ne, gidaje da yawa da shi suke tsaye. Amma akwai dukan da ke ƙarewa a maƙabarta, kuma yana da alamomi da masana suka tattara. A cikin littafin nan na OMS akwai tambayoyi shida da ake yi wa mace. Ko dukan ya ƙaru cikin wata shida da suka wuce. Ko ya taɓa zare mata makami. Ko ya taɓa shaƙe mata wuya. Ko ya doke ta tana da ciki. Ko kishinsa ya wuce hankali kullum. Ko ita da kanta tana jin zai iya kashe ta. In ta amsa i ga uku daga ciki, to tana cikin haɗari babba, ba a ce mata ta koma yau a gani.

Mai horo ba ya kashe aure, ba ya kuma ɗaura shi. Ba aikinsa ba ne ya ce fita, ko ya ce zauna. Matar ta fi shi sanin gidanta, ita ta san inda ƴaƴanta za su kwana da wanda zai ba su hatsi. Aikinsa ya zauna da ita su yi shiri. In abin ya taso da dare, gidan wa za ta shiga? Wace maƙwabciya za ta ji alama ta kirawo mutane? Ina ta ajiye takardar haihuwar yara, da katin ɗan ƙasa, da ɗan kuɗin mota? Wannan barin mutum ya zaɓa da kansa yana yi wa manya wuya, don an saba babba ya yanke, ƙarami ya bi. Amma wadda aka ƙwace wa iko da jikinta, in mai taimako ma ya zo yana ba ta umurni, bai bambanta da wancan ba a idonta.

Sai maganar sulhu. Dokar da ta tsara sarautar gargajiya, ta 1993 da wadda ta maye ta a 2015, ta ba sarakuna da masu gari ikon sasanta mutane kan al'amuran al'ada, kamar aure, gona, bashi da gado. Aiki ne mai daraja, ya kashe wuta da yawa. Amma fyaɗe ba rikicin iyakar gona ba ne. Babban laifi ne da ke hannun jandarma, da ƴan sanda, da alƙali. Kundin hukunta laifuka na Nijar, yadda aka gyara shi a 2003, ya sa wa fyaɗe ɗaurin shekara 10 zuwa 20, in yarinyar ba ta kai shekara 13 ba kuwa, 15 zuwa 30. Gyaran nan na 2003 shi ne kuma ya haramta bauta da kaciyar mata. Maigari da ya san haka ya samu mafita shi ma. In dangi suka matsa masa, sai ya ce wannan ta fi ƙarfin zaurena.

Mutum ɗaya da ya san hanya yana iya juya ƙasa. Hadijatu Mani, ƴar yankin Birnin Ƙonni, an sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, a kan jika 240, ta zama wahaya a gidan wani dattijo. Ta yi shekara tara cikin aiki da duka. A 2005 ya ba ta takardar ƴanci amma ya ce har yanzu matarsa ce. Da ta auri wanda take so, sai aka yanke mata ɗaurin wata shida wai ta yi aure kan aure. Ƴan ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, su suka tsaya mata, tare da lauyoyi, har gaban kotun CEDEAO, lokacin Nijar tana cikin ƙungiyar. Ran 27 ga Oktoba 2008, a Yamai, kotun ta ce ƙasa ba ta kare ta ba, ta sa a biya ta miliyan 10 na CFA. Tausayi kaɗai da bai kai ta can ba. Waɗanda suka raka ta sun san doka, sun san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa in an rufe ta farko.

An yi ƙoƙari a ƙasa, ba a musu. A 2011 an kafa hukumar ANAJJ don talaka ya samu shawara da lauya a gaban shari'a. Daga 2019 zuwa 2023 shirin Spotlight, na Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Turai, ya yi aiki a jihohin Maraɗi, Tawa, Damagaram da Tilaberi kan cin zarafin mata da ƴan mata, har da horar da ma'aikata. Makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram a 2008 sun nuna cewa magidanta suna zama su tattauna lafiyar matansu in ɗan'uwansu ne ke jan maganar. Bukata kuwa ba ta ragu ba. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. Yarinyar da aka kai ɗaki tana ƙarama, nesa da uwarta, ba ta san ƙofar kowa ba. A 2019 kuma dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka ƙetaro gundumar Gidan Rumji suna gudun ƴan bindiga, cikinsu da mata da suka ga abin da baki ba ya faɗi. Mutanen ƙauye ne suka fara tarbonsu, kafin motar kowace hukuma ta iso.

Amma a faɗi gaskiya, horon yana da ciwo. Sau da yawa a birni ake yinsa, cikin ɗaki mai sanyi, da Faransanci, kwana uku, a raba kuɗin zama da jaka mai tambari, kowa ya kama gabansa. Wanda aka tura ba kullum ne wanda mata ke zuwa wurinsa ba, wani lokaci wanda ke kusa da mai rubuta sunaye ne. Ungozomar likita da ta iya aikin, bayan shekara guda a canza mata gari, ta tafi da saninta, wadda ta gaje ta ta fara daga babu. Wani wurin an horar da mutum amma kabad ɗin magani fayau. Horo irin wannan shuka ce a kan fako. Wanda ke kamawa shi ne wanda aka yi da harshen mutane, aka maimaita, kuma wani ya riƙa zagayowa yana tambayar mai aikin abin da ya gagare shi.

Wannan zagayowa tana da wani amfani da ba a cika faɗi ba. Mai jin irin waɗannan labarai kullum, shi ma suna cin sa. Barci ya ƙaurace masa, ya riƙa faɗa da iyalinsa ba dalili, ko zuciyarsa ta bushe har ya daina jin tausayi. Ana koya wa masu wannan aiki su gane alamar a jikinsu, su samu wani babba a aikin da za su sauke wa nauyi ba tare da kiran sunan kowa ba. Ana kuma koya musu tsare kansu, don mijin da aka taimaki matarsa ba godiya yake zuwa yi ba. Ba a zuwa gidansa a yi masa wa'azi, ba a gaya masa inda take.

Cibiyoyin karatun manya suna da rabonsu a nan. Mata sukan taru wata da watanni da rani a rumfa ɗaya, kuma in an saba, magana tana fita bayan an tashi darasi. Matar da ta koyi lambobi tana iya rubuta rana da lokacin da abu ya faru, ta karanta lambar tarho ta likita da ta jandarma, ta ƙirga awa 72 da kanta ba sai ta jira wani ba. Darasin lissafi ne kamar na awon gyaɗa.

Kafin a jira wani shiri ya zo daga Yamai, akwai abin da kwamitin lafiya na ƙauye ke iya yi ran kasuwa mai zuwa. Mutum biyu, mace da namiji, su je CSI mafi kusa su sami majo. Su tambaye shi ko akwai maganin nan na kwana 28 a wurinsa ko sai an kai asibitin gunduma, wa ke tarbon irin wannan magana in ta zo da dare, da yadda ake samun takardar shaida. Su rubuta amsar a littafin kwamiti, su karanta wa maigari, da liman, da ungozomomi. Su kuma tsai da tun yanzu amalanken wa ko babur ɗin wa za a ɗauka, da asusun da za a biya kuɗin mai daga ciki.